Jan Kwaɗon da Ke Jikin Auta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban hukumar wannan kamfani, ranka ya daɗe. Manajan tasharmu ta iska, Allah ya taimake ka. Baƙinmu masu zuba jari, da kuka yi doguwar tafiya don wani aiki daban amma kuka yarda kuka zauna da mu a wannan zaure, sannunku da zuwa. Malamanmu, Allah ya gafarta. Shugaban ƙungiyar ma'aikata da 'yan kwamitinsa. Baffa, yayan marigayi kuma uban gidan yanzu. Hajiya, matarsa, da 'ya'yansa. Abokan aiki, masu hawa sama, da mu masu aiki a ƙasa. Assalamu alaikum.

Ni ba gwanin jawabi ba ne, za ku gane haka nan ba da jimawa ba. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne mai zama a ɗakin kula. Dogayen injinan nan masu fukafukai da kuka gani jere a kan tudu, waɗanda iska ke juyawa su ba mu wuta, mu nan fanka muke ce musu. Daga kujerata nake ganin kowace ɗaya a allon kwamfuta, ni nake taka mata birki, ni nake sakinta. Ban taɓa hawa ko guda ba. Marigayi ya sha cewa ko na yi niyya, tumbina ba zai wuce ƙofar tsanin ba, kuma gaskiyarsa ce. Abokan aiki sun zaɓe ni in yi magana da yawunsu saboda shekara da shekaru muryarsa a kunnena take sauka ta oba-oba, shi yana sama ni ina ƙasa. Sun ce babu wanda ya fi ni jin maganarsa, in ban da Hajiya.

Ya kasance mutumin da ya yarda da iska tun lokacin da maganarta abin dariya ce. Tare muka fara aiki a tsohuwar tashar janareta, shi injiniya, ni mai duba mita. Waɗanda suka yi zamanin sun san yadda muke komawa gida, riga baƙa ƙirin, kunne yana ƙara, tari ba ya barinmu. In tankar mai ta makara a hanya, gari ya zauna cikin duhu, mu kuma mu sha zagi a layi kamar mu muka shanye man. Wata rana ya ɗauke ni a bayan babur, ya ce in zo in ga wani abu. Muka hau tudun nan, lokacin babu komai sai duwatsu da awaki. Ina saukowa iska ta fizge mini hula ta yi gangare da ita. Ya ce, "Ka ga abin da ya ɗauke maka hula? Wuta ce take wucewa a banza." Na ce masa ni dai hulata nake so, sabuwa ce. Bai ko taya ni nema ba.

Ya kafa dogon ƙarfe a can, ya maƙala wasu 'yan kofuna masu juyawa don auna ƙarfin iska. Mutane suka ce injiniya ya fara taɓuwa, ya koma awon iska kamar mai awon hatsi. Har a gabansa ake tambaya nawa mudu. Sai ya yi murmushi ya ce a dawo baɗi.

Ya kasance ba ya ƙara wa magana gishiri, ko da gishirin zai taimake shi. Lokacin da masu zuba jari na farko suka zo, kowa ya ɗaura ɗamarar nuna musu cewa tudunmu iska ba ta hutawa. Aka ba shi magana, sai ya miƙe ya ce akwai watannin da iskar nan take kwanciya, ko ganyen bishiya ba ya motsi, kuma duk wanda zai sa dukiyarsa gara ya sani tun yanzu. Ina zaune a baya, na ji kamar in nutse. Na ce shi ke nan, ya kashe mana kasuwa. Ashe abin da ya zaunar da su ke nan. Daga wannan magana aka kawo shawarar shimfiɗa farantan sola a gindin tudu, rana ta riƙe mu a watannin da iska ta yi barci. Baƙinmu na yau, ban san abin da za ku yanke kan tudu na biyu da ake son kafa wa fankoki ba, wannan tsakaninku da hukuma ne. Amma takardun awon da ke hannunku shi ya tattara su, kuma duk inda kuka ga an ce iska ta yi rauni, to ta yi raunin.

Mun ga abin da ya biyo baya da idanunmu. Masu walda sun daina rufe shago da tsakar rana. Masu ƙanƙara sun ƙara firji. Ƙaramin asibitin bayan kasuwa ya daina zubar da alluran da zafi ya ɓata. Yaran da da sai sun bar gari neman aiki, yau wasunsu suna zaune a can baya da takalman hawa a ƙafafunsu, shi ya koya musu. Burinsa na ƙarshe tudu na biyu ne. Kullum maganarsa, iska ba ta zuwa da tanka, ba ta makara a kan iyaka, kuma babu wanda zai tashi da safe ya ƙara mata farashi. Ya so ya ga an jera sababbin fankoki a can kafin gwiwoyinsa su hana shi hawa. Allah bai nufa ba.

Ya kasance mai takura. Wannan sai na faɗa, don in na ɓoye, abokan aiki za su ce na yi ƙarya a gaban malamai. Sunan da muke kiransa a bayan ido, daga baya har a gaban ido, shi ne Malam A-Sake-Duba. Ka ɗaure ƙusa, ka gwada, ka rantse ta ɗauru, ya zo ya tsaya a kanka ya ce, "A sake duba." Ka ɗaura bel ɗin hawa, ya ja nan ya ja can kamar mai sayen rago. Ni da ba na hawa ko'ina ban tsira ba. Ya taɓa shigowa ɗakina ya zare wayar butar shayina, ya ce ta goge, ya tafi da ita. Na wuni ban sha shayi ba, na yi fushi har na daina amsa gaisuwarsa. Washegari ya kawo mini sabuwa, ya ajiye ya fita. Hajiya, ke kin fi mu sani, mun ji labarin yadda yake kaiwa bakin titi ya dawo ya sake taɓa ƙofar gida.

Wannan takura tana da mafari, kuma mafarin yana zaune a cikinmu. Mai sito, ka yi haƙuri, na nemi izininka kafin in ambata. A farkon tashar nan mai sitonmu yana cikin gwanayen hawa. Wata rana yana can sama cikin kan fanka, hannunsa a cikin inji yana sa giris, aka yi canjin aiki a ƙasa. Wanda ya karɓi kujerar ɗakin kula ya ga fanka a tsaye, ga iska tana kaɗawa mai kyau, babu wanda ya gaya masa akwai mutum a ciki. Ya saki birki. Marigayi ne ya hau ya sauko da shi a goye. Hannun dama bai dawo ba. Wanda ya saki birkin ya bar aikin tuntuni, mai sito ya yafe masa, ni ma ban kawo maganar don tone-tone ba.

Bayan wannan, marigayi ya tafi kasuwa ya dawo da buhun kwaɗuna, irin na kulle shago. Ya tara mu a gareji. Ya shafa wa kowane kwaɗo fenti daban, ya ba kowane mai hawa nasa. Shi ya ɗauki ja. Kun san sabon kwaɗo da mabuɗai da yawa yake zuwa. To shi sai ya ware ɗaya ya miƙa maka, sauran ya matse su a bakin awartaki ya karya a gaban idonka, ya zuba a kwandon shara. Ya ce daga yau, duk wanda zai hau, sai ya kashe fanka daga akwatin da ke gindinta, ya rataya kwaɗonsa a kan hannun kunnawa, ya sa mabuɗi a aljihunsa. In mutum biyar suka hau, kwaɗo biyar. Fanka ba za ta kunnu ba sai an cire na ƙarshe. Kuma babu mai cire kwaɗon wani, babu mai yanke kwaɗon wani, ko manaja ne, ko shugaban hukuma, ko shi kansa. Mai kwaɗo ne zai sauko, ya buɗe da hannunsa, ya ɗauki oba-oba ya ce mini, "Na sauka, babu kowa a sama." Ni kuma in ce, "Na ji, sannu da sauka." Sai bayan nan in saki birki.

Ba wasa yake ba. Akwai wanda ya taɓa gama aiki ya manta kwaɗonsa, ya hau mota ya tafi gaida iyayensa a wani gari mai nisa. Muka ce a yanke mana, ai ga shi mun yi waya da shi, mun ji muryarsa, mun san ba ya sama. Marigayi ya ce a'a. Ya ce yau mun yanke don mun ji murya, gobe za mu yanke don wani ya ce ya gan shi a masallaci, jibi kuma don muna zaton ya sauka. Sai da mutumin ya biyo motar dawowa ya buɗe da kansa. Fankar ta wuni a tsaye, hukuma ba ta ji daɗi ba, mu ma mun yi gunaguni. Amma tun daga ranar da aka raba kwaɗunan nan, ba mu sake ɗauko kowa a goye ba.

Yanzu na zo inda nake gudu.

Fanka ta ƙarshe da aka kafa, wadda take bakin tudu ta fuskar gari, Auta muke ce mata. Ranar da abin ya faru, Auta tana ƙara a wajen boris ɗin da fukafukanta ke juyawa a kai, ya hau da kansa da safe, ya rataya jan kwaɗonsa kamar kullum. Wajen azahar ya kira ni ya ce zai sauko ya yi salla ya karɓi wani abu a sito, amma kada in taɓa komai, zai koma. Na ce to. Na ma tsokane shi, na ce tsufa ne ya sa ya manta kaya a ƙasa. Ya yi dariya, dariyar ba ta da ƙarfi, ban kawo komai a raina ba. Ya sauko, ya zauna a inuwar hasumiyar, ya ce wa abokin hawansa ƙirjinsa ya yi masa nauyi, a ba shi ruwa. Kafin mota ta kai asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bai faɗo ba. Inji bai kama shi ba. Na ji ana ta faɗin abubuwa a gari, don Allah a daina. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana kare mutane daga haɗarin sama, a ƙasa ajalinsa ya same shi, a zaune, da kofin ruwa a hannu.

Bayan an yi zaman makoki, abokan aikinsa suka hau Auta suka ƙarasa gyaran. Kowa ya rataya kwaɗonsa, kowa ya sauko ya cire. Saura ja. Mabuɗinsa yana aljihun rigar aikin da aka miƙa wa Hajiya a asibiti. Makonni ke nan Auta tana tsaye lafiyarta ƙalau, a tsakiyar watannin da iska ta fi kyau. Saboda tsayuwarta ana karɓa-karɓar wuta a unguwannin gefen tudu. Masu walda sun fara zuwa bakin ƙofar tasha suna tambaya. Baƙinmu ma da suka iso jiya, abin da suka fara tambaya ke nan, me ya sa waccan ba ta juyawa.

Ina so a ji ni da kyau, babu mugu a cikin wannan magana. Manaja ya yi haƙuri fiye da yadda kujerarsa ta ba shi dama. Dokar kamfani ta yarda ya yanke kwaɗo in ya tabbatar mai shi ba ya sama, kuma wane tabbaci ya wuce wanda muke da shi? Hukuma ta ce gobe da safe, kafin baƙi su hau tudu, Auta ta juya, ko da mabuɗi ko da almakashin ƙarfe. In suka ga muna barin inji mai lafiya a tsaye mutane suna zaune babu wuta, suna da hujjar kai jarinsu wani wuri, kuma tudu na biyu da marigayi ya ƙare ƙarfinsa a kai ya tafi ke nan. Ban ga laifin hukuma ba.

Amma masu hawa sun ce ba da hannunsu ba. Sun ce ranar da aka ji ƙarar yanke kwaɗo a tashar nan, kuma kwaɗon mutumin da ya kafa dokar, to duk wanda ya sa hannu cikin inji daga ranar zuciyarsa tana ƙasa. Manaja ya aika sito a kawo almakashi. Mai sito ya ce ya duba bai gani ba. Aka sake aikawa, ya ce yana kan sake dubawa. Ranka ya daɗe, kowa a zauren nan ya san allura ba ta ɓacewa a siton mutumin nan. Ban ga laifinsa ba shi ma, shi ya san abin da ya biya kafin a kawo kwaɗunan.

Masu hawa suka zauna suka ce akwai hanya ɗaya. Mabuɗin nasa ne, ya zama na magadansa. In daga gidansa aka zo aka buɗe, ba a yanke ba, ba a karya doka ba. Sai aka tura ni wajen Hajiya, wai ni ne mai baki.

Hajiya, ki gafarce ni, zan faɗi abin da kika gaya mini. Na tambaye ki jiya, kika ce in faɗa in zan iya. Ban tabbata zan iya ba.

Na same ta da rana a ɗakin ɗinkinta na sama. Ga waɗanda ba su sani ba, Hajiya tela ce, kuma gidansu yana cikin unguwannin da ake ɗauke wa wuta saboda Auta. Keken lantarkinta yana gefe a lulluɓe, ta jawo tsohon keken ƙafa ta ajiye a bakin taga tana takawa. Mabuɗin yana rataye da zare a jikin keken. Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi yara, na tambayi ciniki. Ta ce, "Ɗan'uwa, mabuɗi aka aiko ka karɓa." Na ce haka ne.

Ta ce in matso in leƙa taga. Na leƙa. Daga nan ana ganin tudun gaba ɗaya, fankoki suna ta juyawa, Auta ita kaɗai a tsaye.

Ta ce, "Tun da aka kafa su ban taɓa kiransa a waya na tambaye shi yana ina ba. Ya hana, ya ce mai hawa ba ya ɗaga waya. To sai na koyi dubawa. Duk wadda na ga ta tsaya alhali 'yan'uwanta suna juyawa, na san yana cikinta. Ina ɗinki ina ɗaga kai. Da na ga ta fara motsi, sai in ajiye aiki in sauka in ɗora ruwan wanka, don na san ya sauko, ya kusa shigowa."

Na ce, "Hajiya, sai haƙuri."

Ta ce, "Kada ka ɗauka hankalina ya taɓu. Na san ya rasu. Ni na rufe masa ido. Amma in na ɗaga kai na gan ta a tsaye, kafin tunani ya zo mini, akwai ɗan lokaci kaɗan da zuciyata take cewa yana wurin aiki. Wannan ɗan lokacin nake rayuwa a kai. Ranar da ta juya, ya sauka ke nan. Kuma ba zai shigo ba."

Jama'a, ni da aka ce mai baki ne, na sauko daga benen nan babu mabuɗi a hannuna. Na zauna a mota na yi kuka kamar yaro. Domin ni ma, in gaya muku gaskiya, kullum na zauna a kujerata na ga Auta da jan layi a allo, sai in ji hannuna ya kai kan oba-oba, ina jiran ya ce ya sauka. Maganarsa ta ƙarshe gare ni ita ce kada in taɓa komai, zai koma. Ban taɓa ba.

To Hajiya, ga mu a gabanki. Ba mu zo da doka ba, ba mu zo da hukuma ba. Mu ne dai mutanen da ya takura wa, ya karya mana mabuɗai, ya mayar da mu gida da hannuwanmu cikakku. Abin da muke roƙo ba ƙarami ba ne, mun sani. Muna roƙon ki ba mu abu na ƙarshe da ya rage miki na jiransa. In kin hana, wallahi babu wanda zai ga laifinki a cikinmu. Amma gobe da safe za a nemo almakashi ko daga wani gari ne, Auta za ta juya duk da haka, ke ki rasa tagarki, mu mu rasa dokarsa. Ba na so ki ɗaga kai ki ga ta juya ba ki sani ba, a hannun wanda bai san shi ba. Baffa, kai ne babba, ka sa baki. Ku 'ya'yansa, mahaifinku bai bar muku abin kunya ba ko ɗaya, ku riƙe mahaifiyarku, abin da take ɗauke da shi ya fi wanda muke gani.

Ku ɗan dakata mini. Ga babbar 'yarsa ta taso, bari in ji.

To. Alhamdu lillahi.

Jama'a, ga saƙon Hajiya. Ta ce mabuɗi ba za ta ba kamfani ba, ba za ta ba ni ba. Ta ba 'yarta, ga shi a hannunta, da zarensa. 'Yar ce za ta hau tudu tare da Baffa da mai sito ta buɗe. Ta ce kada a bari sai gobe saboda baƙi, a yi yau, bayan la'asar, lokacin da ya saba saukowa. Hajiya ta ce ita ba za ta je tudun ba. Abu ɗaya ta roƙa, kada a saki birki sai ta isa gida ta hau sama ta zauna a bakin taga.

Manaja, ranka ya daɗe, ka ji. Na ga ka gyaɗa kai, mun gode. Mai sito, ka daina neman almakashi.

'Yata, in kin buɗe, za a miƙa miki oba-oba. Ki danna maɓallin gefe ki riƙe. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki ce, "Ya sauka, babu kowa a sama." Ni ina kujerata, zan amsa miki yadda na saba amsa masa. In kin ji na yi shiru kaɗan kafin in amsa, kada ki ɗauka na'urar ce ta lalace.

Ina godiya ga shugaban hukuma da manaja da suka ba mu wannan zaure da wannan lokaci. Ina godiya ga baƙinmu. Kun zo duba iska da ƙarfe, kun tarar da mu cikin wannan hali. Gobe in kun hau tudu za ku ga duka suna juyawa, ku yanke abin da kuka ga ya dace. Ina godiya ga malamai, da maƙwabta, da masu walda da suka yi ta haƙuri da mu ba su san dalili ba. Ina godiya ga iyalan marigayi da suka ara mana shi tsawon shekarun nan, yana fita da safe ba ya dawowa sai ya ga kowa ya sauko.

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka. Mun shaida ya tsare rayukan mutane, ya faɗi gaskiya inda ƙarya za ta fi yi masa sauƙi. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi kamar yadda ya yi sanadin haske a gidajen mutane. Ka sa duk wutar da ta kama a asibiti da makaranta da shagon mai neman halal ta zama sadaka mai gudana gare shi. Ka tsare masu hawa, ka sauko da kowa lafiya. Ka raya 'ya'yansa, ka shirya su. Ka ba Hajiya haƙuri, ya Allah, ka kasance tare da ita yau da yamma a bakin tagar nan. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Direba, kawo mota bakin ƙofa, a fara kai Hajiya gida. Mu za mu jira.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.